BAƘON KOREN TUDU

Shafi na 19

Na ga ƙorafinku, masu cewa na rataye ku na tafi sabgogina. To ga Maleta nan na dawo muku da ita, amma mai saurin firgita ya nemi wuri ya zauna tukuna.

Tun a bakin kwata jikin Maleta ya ba ta cewa yau da magana. Jirgin fito ya zube baƙinsa kamar kullum, yawanci tsofaffin Turawan kudu masu gudun sanyin garuruwansu, kowa da malafa da gorar ruwa. Suna shiga 'yar bas ɗinta ɗaya bayan ɗaya, tana yi musu barka da zuwa tsibirin Waiben, suna amsawa da fara'a. Na ƙarshensu ne bai amsa ba. Dogo ne ramamme, ya ja hula har gira, baƙin tabarau ya rufe rabin fuskarsa, gemu ya rufe sauran. Ya miƙo tikiti da hannun hagu ko kai bai ɗago ba, ya wuce can kujerar baya ya zauna.

Ta ce a ranta wataƙila kurma ne, ko kuwa cikin masu girman kan nan ne da ke ganin direba ba ta kai a amsa gaisuwarta ba. Ta tayar da mota.

Ta daɗe a wannan aiki har bakinta ya iya shi ba sai da hankalinta ba. Ta bi da su ta gaban coci, ta maƙabartar masu nutson lu'ulu'u, ta nuna musu bishiyar wongai ta ce duk wanda ya ci 'ya'yanta sai ya sake dawowa tsibirin ko yana so ko ba ya so. Tsofaffin suka yi dariya daidai inda aka saba yi. Amma duk sanda ta ɗaga ido ta dubi madubi, sai ta tarar baƙin tabaran nan ita yake kallo, ba taga ba. Da ta fara hawan Koren Tudu sai da giyar motar ta ƙwace mata, abin da bai taɓa samunta ba a wannan hanya.

A saman tudun iska na kaɗawa kamar za ta ɗauke mutum. Awa Jomen, ƙanen mahaifiyarta, wanda ke riƙe da makullan ɗakunan ƙarƙashin tsohuwar kagarar sojan da ke wurin, yana zaune a kan kujerarsa ta roba da rediyo a cinya. Da ya ga baƙin suna saukowa da sandunan dogarawa, sai ya ce mata da yaren gida yau ma ta kwaso masa sa'annin igwogin kagarar. Ta ce masa ai gara su, sun san sun tsufa, shi kuwa har yanzu rina gemu yake yi. Ya yi dariya har da tari, ya miƙe ya karkaɗe wando ya shige gabansu. Suka ɗauki hotuna a jikin manyan igwogin nan da Turawa suka kafa tun zamanin kakanni don tsoron jiragen yaƙin da ba su taɓa zuwa ba, sannan suka bi shi ƙasa a jere, wajen tsofaffin ɗakunan albarushi.

Maleta ta jingina da katanga ta kwance ganyen ayaba, za ta ci ɗan burodin kwakwar da ta taho da shi. Ta ɗauka duk sun sauka.

"Maleta."

Burodin ya suɓuce daga hannunta. Ba sunan ne ya kaɗa ta ba, yana nan rubuce a ƙirjin rigarta kowa na iya karantawa. Muryar ce. Mutum ɗaya ne a duniya yake jan tsakiyar sunan haka, kuma ba don rashin sani yake kira ba. An sha gaya masa cewa a tsibiran nan suruki ba ya kama sunan surukinsa, shi ya sa ma yake kamawa.

Yana tsaye a gindin igwar ƙarshe. Ya zare tabarau ya ninke a hankali ya sa a aljihu.

Dermot ne, mijin ƙanwarta Wasi.

Wasi ta tafi birnin Cairns can kudu neman aiki tana budurwa, a can ta haɗu da shi. Wata rana ta dawo gida da tsohon ciki da shatin yatsu a wuyanta. A nan ta haihu, kuma a gaban dattawa ta ɗauki jaririyar ta ɗora a hannun Maleta, wadda Allah bai ba haihuwa ba. Bisa al'adar gida, ɗan da aka bayar ya zama na wanda aka ba, ba a sake tayar da zancen, yaron ma ba a gaya masa. Shi kuwa Dermot, ta waya Wasi ta ce masa cikin ya zube. Ya yi ta kuka yana roƙonta har ta koma, shekara ba ta zagayo ba aka kawo gawarta. Ya ce daga bene ta faɗo. Maleta ce ta tsaya a kotu ta faɗi abin da ta gani a jikin ƙanwarta, aka ɗaure shi. Yau kusan shekara goma ke nan, kuma ita a lissafinta da sauran wa'adinsa.

"An sako ni," in ji shi, kamar ya ji abin da ke ranta. "Sun ce na gyaru."

Ta waiga wajen matattakalar da ta yi ƙasa. Ba kowa, sai muryar Awa can ciki-ciki yana ba baƙi labari.

"Me ka zo yi?"

"Ba ke kika faɗa a mota ba? Na ci wongai."

Ya tako ya tsaya kusa da ita, ya dafa katanga kamar mai shan iska. Daga nan gari gaba ɗaya a tafin hannu yake, ga kwata, ga rufin gidaje sun gangara har bakin ruwa, ga tsibirin Ngurupai can ƙetare. Bai ko dubi teku ba. Ya miƙa yatsa ya nuna wani gida mai shuɗin kwano, wanda aka kife ƙaramin jirgi a tsakar gidansa, ya ce wancan ne nata. Ya ce mijinta yana can teku wajen nutso, ba zai dawo ba sai ƙarshen wata. Sannan yatsan ya matsa kaɗan, ya tsaya a kan makaranta.

"Sunan yarinyar Ina, ko? Suna mai daɗi."

Maleta ta ƙanƙame katanga.

"'Yata ce."

"Na ji an ce da hagu take rubutu."

"'Yata ce na ce maka. Tambayi duk wanda ka ga dama a garin nan."

"Na san abin da garin nan zai ce. Ku ai bakinku ɗaya." Ya yi ɗan murmushi. "Shekara da shekaru ina kwance a ɗaki ina makokin ɗan da aka ce min ya mutu a ciki. Ashe tana nan tana wasa a tsakar gidanki."

Babu faɗa a muryarsa, kuma abin da ya fi tayar mata da hankali ke nan. Wasi ta taɓa gaya mata cewa in yana ihu da sauƙi, ranar da ya yi magana a sanyaye kamar mai lallashin jariri, ranar ce take neman inda za ta ɓuya.

Ta lallaɓa hannu zuwa aljihun wandonta. Kafin ta taɓa wayar ya cafke wuyan hannun, ya matse har ta ji ƙashi na ƙara. Ya zaro wayar, ya zaro makullin mota, ya zuba su a aljihunsa, duk bai daina murmushi ba. Mai hangowa daga nesa cewa zai yi tsofaffin abokai ne suka gamu.

Da ta samu numfashi, tambayar da ta fito mata ita ce wa ya gaya masa. A ranta ta riga ta fara jera mutane: wata ma'aikaciyar asibiti da suka taɓa saɓawa, matar wani ɗan uwansu mai sakin baki in ta sha. Ya ce kada ta wahalar da kanta, da ɗan gari akan ci gari.

"Mahaifiyarki ce, Ama Petari."

"Ƙarya kake."

"Duk Lahadi in ta taso daga coci. Na fara kiranta ne don neman gafara. Da farko kashe wayar take yi. Daga baya ta fara saurare. Daga baya ita ke ja mana addu'a." Ya kwaikwayi muryar tsohuwar, har da yadda take jan numfashi. "Ɗana, wanda Ubangiji ya yafe wa, ni wace ce da zan riƙe shi? Haka ta ce min. Wata rana ina kuka na ce da ma a ce ina da ko ɗa ɗaya da zan rayu dominsa. Sannan ita ma ta fashe da kuka."

Maleta ta so ta sake cewa ƙarya ne, amma sai abubuwa suka fara dawo mata. Ta tuna yadda mahaifiyarta ta koma shiga ɗaki ta turo ƙofa duk ranar Lahadi da rana, ta ce hutawa take yi. Ta tuna yau da safe tsohuwar ta nace ita za ta je ta ɗauko Ina daga makaranta, wai likita ya ce ta riƙa taka ƙafa. Har ta sa rigarta mai furanni ta zuwa coci, ranar da ba Lahadi ba.

"Ina suke?"

"Ba abin da nake so a wurinki," in ji shi. "Ki zauna da ni nan kaɗan, mu sha iska. Shi ke nan."

Da ta matsa masa, bai ɓoye ba, don daɗin faɗin yake ji. Ya ce tsohuwar ta yarda ta kawo yarinyar bakin kwata ya gan ta sau ɗaya, daga nesa, ba tare da an ce mata komai ba. Amma ba shi za ta tarar ba. Yayarsa Lorna ce ke jira a can da ƙaramin jirgin haya. Za ta ce musu Dermot yana jin nauyin shigowa gari, yana can ƙetare a Ngurupai, su zo a haye a dawo kafin rana ta faɗi. Shi aikinsa ɗaya ne, ya tabbata Maleta ba ta sauka daga tudun nan ba sai ruwa ya raba su.

"Ke kika tsaya gaban alƙali kina nuna ni da yatsa," ya ce. "Na so ki gani da idonki. Nan ya fi ko'ina kyan kallo."

Hayaniyar baƙi ta fara tasowa daga matattakala. Ya mayar da tabarau, ya saki hannunta amma bai matsa ba, ya ce ta gaya musu mota ta samu matsala, za a ɗan jira. Ya buɗe gefen rigarsa kaɗan yadda ita kaɗai za ta ga ƙotar wuƙar fiɗar kifi a ƙugunsa.

Ta gaya musu. Muryarta ta fito kamar ta wata. Tsofaffin ba su damu ba, wata ma cewa ta yi ai gara haka, ba ta gama ɗaukar hoto ba. Wani mai jan hanci ya fara ba da labarin yadda motarsa ta taɓa mutuwa a tsakiyar hamada. Awa Jomen ne kawai ya tsaya da tarin makullai a hannu yana dubanta. Ya san motar nan, shi ya duba ta jiya. Ya ce da yaren gida, cikin sigar tsokana, ko dai ta manta ne ba ta ba jakin nata ruwa ba.

Dermot ya zauna da Wasi shekaru, amma bai taɓa ganin yarensu ya kai a koya ba. Maleta ta ƙaƙaro dariya, ta nuna motar da haɓa kamar ita take zagi, ta amsa da yaren.

"Awa, kada ka kalle shi. Mijin Wasi ne. Da wuƙa a jikinsa. Ama ta kai Ina kwata."

Dattijon bai ko ƙifta ido ba. Ya ƙyalƙyale da dariya, ya girgiza kai, ya nufi motar yana daddaɓa gefenta kamar mai lallashin dabba. Amma Maleta ta ga ya damƙe makullan tamau a hannunsa.

Dermot ma ya ji wani abu. Sunan Wasi ba ya buƙatar tafinta.

"Me kika ce masa?"

"Zancen mota ne."

"Ban ga ɗakunan ƙasa ba," ya faɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji, cikin ladabi. "Ko direba za ta taimaka ta nuna min, tunda jira muke?"

Hannunsa ya sauka a gwiwar hannunta. Ta dubi tsofaffin nan masu sanduna da jakunkunan magani, ta ga babu wanda zai iya tare shi, sai dai a ƙara yawan waɗanda za a yanka. Ta bi shi.

Matattakalar ta yi ƙasa tsakanin bangaye masu kauri. Suna wuce ƙofar ƙarfe ƙarar iska ta ɗauke ɗif, sai sanyi da warin daɗaɗɗen siminti. Fitilu 'yan ƙanana ne a jikin rufi, haskensu rawaya. Suka wuce hotunan sojoji da suka dushe, suka wuce wata tsohuwar hular nutso ta tagulla da ke zaune a kan teburi tana kallonsu da idonta ɗaya. Takun takalminsa na dawowa daga kowane lungu, kamar mutane da yawa ne ke biye da ita. Ya tura ta ɗakin ƙarshe, wanda ba shi da ko taga, ya tsaya a bakin ƙofa.

A nan murmushin ya ƙare.

Ya tambaye ta ko ta san yadda ɗakin kurkuku yake. Ya ce bai kai wannan girma ba. Ya ce a can ya koyi haƙuri, ya koyi yadda ake yi wa tsohuwa magana, ya koyi ayoyi da ka. Duk dare in ya rufe ido ba Wasi yake gani ba, Maleta yake gani da farar riga a gaban alƙali. Yana magana yana matsowa, tana ja da baya har bayanta ya taɓa bango. Sanyin bangon ya ratsa rigarta.

"Ita ma haka take yi," ya ce. "Ta manne da bango, kamar bango zai buɗe mata."

"Dermot, yarinyar ba ta san komai ba. Ka yi min duk abin da za ka yi, ka bar ta."

"Za ta sani."

"Ba ta taɓa kwana a wani wuri ba ni ba. Tana da ciwon asma, maganinta yana gida."

Wannan ya ɗan tsayar da shi. Ta ga goshinsa ya tattare, ta gane tsohuwar ba ta gaya masa ba. Amma nan da nan ya kaɗa kai ya ce a Cairns ma akwai likitoci. Hannunsa na hagu ya tafi ƙugu.

Fitilu suka mutu.

Duhun ƙarƙashin kagara ba irin na ɗaki ba ne, ko tafin hannunka ba ka gani. Maleta ta ji ya yi ashar, ta ji hannunsa ya wawuro iska ya kama kafaɗar rigarta. Ta durƙushe ƙasa da dukan nauyinta, rigar ta yage, ta gartsa wa abin da bakinta ya samu cizo har ta ji gishirin jini. Wani abu mai sanyi ya shafi damtsenta ya wuce. Ta rarrafa ta gefen ƙafarsa ta fita.

A ramukan nan suka yi wasan ɓuya ita da Wasi tun kafin a share su a sa fitila. Ƙafafunta ba su manta ba. Ta dafa bangon dama ta bi shi, ta karya kwana, ta sunkuya a inda rufin ya yi ƙasa. A bayanta ta ji goshinsa ya daki wurin, ta ji teburi ya kife, hular tagulla ta faɗi tana gangarawa da ƙara kamar ƙararrawa. Bai tsaya ba. Numfashinsa na nan a bayanta, yana kiran sunanta a hankali, yana jan tsakiyarsa.

Ta hango haske, ta hango Awa Jomen tsaye ya riƙe ƙofar ƙarfe da hannu biyu. Ta faɗa waje da ƙirji a kan matattakala. Dattijon ya maido ƙofar da dukan ƙarfin da ya rage masa, ya zura sakata, hannun Dermot ya fito ta tsakanin sandunan ƙarfe ya kama wuyan rigarsa. Awa ya sunkuya ya bar masa rigar, ya danna kwaɗo.

Suka zube su biyu a kan matattakala suna haki. Jini na bin damtsen Maleta har yatsu, ita ba ta ma sani ba. Awa ya ce shi ya kashe fitilun, kuma ya riga ya sa wata Baturiya cikin baƙin ta kira 'yan sanda, suna hanya. Ya ce ta zauna ya ɗaure mata hannun.

Daga bayan ƙarfen Dermot ya tsugunna, jini na zuba daga goshinsa cikin gemu. Ya ɗaga makullin motar yana kaɗawa, sannan ya wurga shi baya cikin duhu. Suka ji ya faɗi can nesa.

"Je ki leƙa," in ji shi. "Kada ki rasa kallon."

Ta haye matattakalar da gudu. Baƙin sun taru wuri ɗaya sun yi tsit, suka dare mata hanya. Ta isa katanga ta kama ta, iska na dukan fuskarta, ta nemi kwata da ido. Jirgin fito na nan a ɗaure. Masu kamun kifi na nan a bakin gada da ƙugiyoyinsu. Ba ta ga riga mai furanni ba, har zuciyarta ta fara cewa ko tsohuwar ta fasa, ko ciwon gwiwa ya tsayar da ita a hanya.

Sannan ta gani. Ba a kan gada ba, a kan ruwa. Wani ƙaramin jirgin gwangwani ya riga ya bar kwata, farin kumfa na bin sa a baya. Mutum huɗu ne a ciki. Mai tuƙi a baya, wata mace mai farar hula, ga riga mai furanni ta duƙunƙune a tsakiya, kusa da ita kuma ɗan ƙaramin mutum da rigar makaranta.

Daga nan ko ihu ta yi iska ce za ta cinye shi. In da gudu za ta sauka, kafin ta kai gindin tudu sun yi nisa.

Awa ya iso yana ɗingishi, ba riga, ya danƙa mata wayarsa. Yatsunta na santsi da jini, sai da ta goge a wando kafin ta iya danna lambar mahaifiyarta. Ta yi ta ƙara. Maleta na kallon jirgin yana ƙanƙancewa, tana cewa a ranta Ama ki ɗauka, Ama ki ɗauka. Har ta fitar da rai sai ta ji an ɗaga, ƙarar inji da iska suka cika mata kunne.

"Awa Jomen?"

Muryar Ina ce. Ita ke riƙe wa kakarta, wadda take kira Aka, waya kullum, don tsohuwar ba ta ganin maɓallan.

"Ina, ni ce. Ni ce Mama. Ba Aka wayar."

"Aka ta riƙe gefen jirgi da hannu biyu, ta ce ba za ta saki ba."

"To ki ce wa mai tuƙin ya juyo. Ki ce Mama ta ce ya juyo yanzu, kin manta maganinki."

Maleta ta ji numfashin yarinyar a cikin wayar, gajere-gajere, irin wanda take yi in kuka na hanya ko in ƙirjinta ya fara toshewa.

"Ina, kina jina?"

"Mama, matar nan ta ce ita gwaggona ce."

"Kada ki saurare ta."

"Ta ce za mu je wurin babana. Na ce mata babana yana teku. Ta ce ba shi ba." Muryar ta ƙara yin ƙasa. "Ta ce ba ke kika haife ni ba. Na tambayi Aka, ta ƙi kallona."

Maleta ta dafa katanga. Shekara da shekaru tana tsoron wannan tambaya, amma ko a mafarki a ɗaki take zuwa mata, yarinyar na kan cinyarta, tana iya rungume ta kafin ta amsa.

"Mama, gaskiya ne?"

Ta buɗe baki. Kafin kalma ta fito, ta ga farin kumfan da ke bin jirgin ya lanƙwasa. Hancinsa ya kauce wa tsibirin da ke ƙetare, ya miƙi babbar mashigar ruwa da ta yi kudu. A cikin wayar kuma ta jiyo muryar mahaifiyarta daga nesa, tana rawa, da matar nan mai farar hula take, ba da yarinyar ba.

"'Yata, ki gaya wa mai tuƙin nan ya yi kuskure. Wannan ba hanyar Ngurupai ba ce."

Aka yi 'yar kokawa, Ina ta ce wayar Aka ce a sakar mata, sannan layin ya ɗauke.